Tarihin Ƙanjamau Daga Dazukan Kamaru Zuwa Zamanin Magani

Ƙanjamau ciwo ne da ƙwayar cutar HIV ke haddasawa. Idan ta shiga jini, sai ta far wa wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4, ta mayar da su wurin hayayyafarta, tana kashe su sannu a hankali. Mai ɗauke da ita zai iya yin shekara 8 zuwa 10 garau, yana harkokinsa. Sai garkuwar ta karye ne cututtuka irin su tarin fuka da gudawa mai naci da ciwon huhu ke samun ƙofa, kuma wannan matakin ne likitoci ke kira AIDS, a ƙasashen renon Faransa kuwa Sida. Ana ɗaukar ƙwayar ta hanyar jima'i, da ƙarin jinin da ba a tantance ba, da allura ko askar da wani ya yi amfani da ita, da kuma daga uwa zuwa jariri lokacin goyon ciki ko haihuwa ko shayarwa. Sauro ba ya yaɗa ta, haka ma musafaha da cin abinci a kwano ɗaya.

Dogon shirun da ƙwayar ke yi a jiki shi ya ba ta damar yin shekara kusan 60 tana yawo babu wanda ya san da ita. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna asalinta daga wata ƙwaya ce mai suna SIV da ke jikin birai na cimfanzi a dazukan kudu maso gabashin Kamaru. Ta tsallako zuwa jikin ɗan Adam a farkon ƙarni na 20, kuma abin da masana suka fi rinjaya a kai shi ne ta hanyar jini, wajen farauta da fiɗar naman daji. Daga can ta bi kogi zuwa Léopoldville, wato Kinshasa ta yau a ƙasar Kwango, wajajen 1920. Birnin na lokacin mulkin mallakar Beljiyam cike yake da leburori maza da aka kwaso ba tare da iyalansu ba, ga jiragen ruwa da na ƙasa suna kai mutane garuruwan ma'adinai. Wasu masu bincike sun ƙara da cewa alluran da aka riƙa yi wa dubban mutane don maganin ciwon barci da tunjere, da sirinji ɗaya ba tare da dafa shi sosai ba, sun taimaka mata. Samfurin jini mafi daɗewa da aka samu ƙwayar a ciki an ɗebe shi ne a Kinshasa a 1959. Akwai kuma HIV-2, wadda ta fito daga wani ƙaramin biri na Afirka ta Yamma, ba ta kai ta farkon saurin kisa ko yaɗuwa ba.

Bayan Kwango ta samu 'yanci a 1960, malamai da ma'aikata da dama daga Haiti sun je aiki can. Ana ganin ta wannan hanya ƙwayar ta isa Haiti, daga nan ta shiga Amurka wajajen 1970. A ranar 5 ga Yunin 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wasu samari 5 a Los Angeles da suka kamu da irin ciwon huhun da ba a saba gani ba sai ga wanda garkuwarsa ta lalace. Da yake 'yan luwaɗi ne, sai aka ɗauka ciwon nasu ne su kaɗai, kuskuren da ya sa gwamnatoci jan ƙafa. Ba a daɗe ba aka gan shi ga mata, da jarirai, da waɗanda aka yi wa ƙarin jini. A 1983 Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier na Cibiyar Pasteur a Faris suka gano ƙwayar, aikin da ya ba su lambar Nobel a 2008. Gwajin jini ya samu a 1985.

A lokacin nan cutar ta riga ta yi wa gabashin Afirka ɓarna. A gundumar Rakai ta Yuganda gidaje sun koma hannun kakanni da marayu. Gwamnatin Yoweri Museveni, wadda ta hau mulki a 1986, tana cikin na farko da suka fito fili suka yi maganar. Najeriya ta sanar da samun cutar a 1986, amma jama'a da yawa sun ɗauke ta tatsuniyar Turawa, har zuwa Agustan 1997 da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya shaida wa duniya cewa ita ta kashe ƙaninsa, mawaƙi Fela. A 2001 gwajin mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 5.8 cikin ɗari na ɗauke da ita. A ƙasar Hausa tsoro ya kai har ana kiranta kabari kusa, ana guje wa mai ita, wani lokacin har da danginsa.

Magani na farko, AZT, ya fito a 1987. Shi kaɗai bai yi nisa ba, domin ƙwayar na saurin sauya kama ta bijire masa. A 1994 aka tabbatar yana rage yaɗuwa daga uwa zuwa jariri da kashi biyu bisa uku. Babban sauyi ya zo a 1996, lokacin da aka nuna a taron Vancouver cewa haɗa magunguna uku na danne ƙwayar har a kasa ganinta a gwaji. Mace-mace suka faɗi a Turai da Amurka cikin ɗan lokaci.

Afirka, inda mafi yawan masu cutar suke, ba ta ga wannan sauƙin ba sai bayan shekaru, kuma dalilin kuɗi ne. Maganin mutum ɗaya a shekara ya haura dala 10,000. Sai a 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da shi a kan dala 350, kuma a watan Afrilun shekarar kamfanonin magani 39 suka janye ƙarar da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kan dokar shigo da magani mai rahusa, bayan matsin lambar masu fafutuka. A wannan watan ne shugabannin Afirka suka taru a Abuja, suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafin kuɗi ga lafiya, alkawarin da ƙalilan suka cika. A taron ne Kofi Annan, Sakatare-Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ya nemi a kafa asusun duniya na yaƙi da cutar, wanda ya fara aiki a 2002, sannan shirin PEPFAR na Amurka ya biyo baya a 2003 da dala biliyan 15. Musu ma ya ci rayuka: shakkun Shugaba Thabo Mbeki na Afirka ta Kudu game da ƙwayar ya jinkirta rabon magani, kuma wani bincike na Jami'ar Harvard ya ƙiyasta hakan ya jawo mutuwar mutum fiye da 330,000. A Gambiya, Shugaba Yahya Jammeh ya yi iƙirarin warkar da cutar da sassaƙe a 2007, ya raba majinyata da maganinsu.

Mace-mace sun kai ƙololuwa a 2004, kimanin miliyan 2 a shekara, suka sauko zuwa kusan 630,000 a 2023. A shekarar ta 2023 mutum kusan miliyan 40 ke rayuwa da ƙwayar, fiye da miliyan 30 na shan magani, mafi yawansu ƙwayar magani ɗaya a rana. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ita. An kuma tabbatar cewa wanda magani ya danne masa ƙwayar har ba a ganinta a gwaji ba ya shafa wa abokin aurensa. A 2025 Amurka ta amince da allurar lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara don kariya, a daidai shekarar da ta zaftare tallafin da asibitocin Afirka da dama suka dogara da shi. Har yanzu babu allurar rigakafi ta dindindin, babu kuma maganin warkewa, in ban da 'yan tsirarun da suka rabu da ƙwayar bayan dashen ɓargo saboda sankarar jini. Wanda ya daina shan maganinsa, ƙwayar na dawowa cikin makonni.