Gayauna da Dandali: Tarihin Dogon Hutu a Limawa

A ƙarshen watan Yuli, da zarar makarantun Dutse sun rufe, iyaye a Limawa sukan shiga wani tunani da kakanninsu ba su san shi ba: me za a yi da yara har Satumba? Wani ya biya kuɗin lesin, wani ya kai ɗansa wajen tela ko mai gyaran waya, wani kuma ya zura ido, yaro ya wuni tsakanin gidan kallon ƙwallo da wayar yayansa. Tambayar sabuwa ce, domin hutun da ya haife ta bai daɗe a ƙasar Hausa ba.

Kafin zuwan boko, makarantar allo ce ke tsara lokacin yaro. Ana karatu daga Asabar zuwa Laraba, a huta Alhamis da Juma'a, a kuma tashi lokacin Sallah. Babban sauyin shekara kuwa damina ce ke kawo shi. Da an kai amfanin gona rumbu, malamai da dama sukan kwashi almajirai su tafi ci-rani. Da hadari ya fara haɗuwa, a dawo gida a kama fartanya. Babu wasu makonni shida da aka ware aka bar yaro babu abin yi.

A gona ma akwai tsari. Gandu na gida ne gaba ɗaya, maigida ke jagorantarsa, ana yi masa aiki da safe har zuwa wajen azahar. Bayan haka saurayi ya nufi gayaunarsa, wato ɗan filin da aka yanka masa, wanda abin da ya fito cikinsa nasa ne. Da kuɗin gyaɗa ko waken gayauna yake ɗinka rigar Sallah ko ya sayi akuya. Yarinya kuma tana da kajinta ko tunkiyarta, tana koyon kaɗi, saƙar faifai da girki a gefen uwarta. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi bayanin wannan tsari na gandu a littafinta na 1972.

Da dare kuma dandali ne. Samari na langa da kokawa, 'yan mata na gaɗa, ƙanana na zaune gaban kaka suna jin labarin Gizo da Ƙoƙi. Idan azumi ya kai kwana goma a fita tashe, idan kaka ta yi a yi kalankuwa. Aiki da wasa suna cikin yini guda, babu wanda ke jiran ɗaya ya ƙare kafin a ba ɗayan wata guda.

A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano. Dutse a lokacin gunduma ce ƙarƙashin Masarautar Kano. Boko ya zo da agogo da ƙararrawa, da shekara mai zango uku irin ta Ingila, da hutu tsakanin zango da zango. Sai dai shekaru da yawa 'yan boko tsiraru ne, don haka hutunsu bai zama damuwar gari ba. Shirin ilimin firamare kyauta na UPE, wanda gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar a Satumbar 1976, shi ya shigar da kalandar boko gidajen talakawa.

Sauyi na biyu ya zo ranar 27 ga Agusta, 1991, da gwamnatin Babangida ta yanke Jigawa daga Kano ta mai da Dutse babban birni. Ma'aikata suka kwararo, gonakin bakin gari suka koma fulotai da ofisoshi, a 2011 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse. Aka sami yara masu yawa waɗanda iyayensu ke cin albashi, ba su da gandu balle gayauna. Dandali ma ya ja baya, talabijin da waya suka gaje shi. Dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, saboda haka yaron ƙauye har gobe gona na jiransa. Ɗan birni ne ya tashi da lokaci a hannu babu inda zai zuba shi.

Fargabar iyaye tana da tushe. A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a Amurka, suka ga ɗalibi kan yi asarar kimanin karatun wata guda a dogon hutu, lissafi ya fi zubewa, kuma a fannin karatu 'ya'yan marasa ƙarfi sun fi cutuwa. Amma mayar da yaro gaban allon da ya baro, daga safe har rana, yakan sa ya koma aji a gajiye. Ga shi kuma lesin sai mai kuɗi.

Tsohon tsarin ma ba a rasa aibu a cikinsa ba. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin aikin yara a Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara ga tallar yara, da yadda hakan ke karo da zuwa makaranta, musamman ga 'yan mata. Aikin da riba ta babba ce, wahala ta yaro, ba shi ne abin koyi ba.

Abin ɗauka daga tarihin shi ne gayauna da dandali. Gayaunar yau tana iya zama kaji biyar, ko kuɓewa a cikin buhu a tsakar gida, ko dashen dabino, wanda Dutse ta yi suna da shi, ko awa uku a shagon kafinta da sharaɗin abin da yaro ya ƙera nasa ne. Rubuta kuɗin dusa da na ƙwai a littafi lissafi ne, kuma yaro ba zai ji shi a matsayin darasi ba. Safiya ta zama ta allo da ɗan karatun littafi, hantsi na sana'a, la'asar ta ƙwallo, langa ko hawan duwatsun da gari ya samo sunansa daga gare su, tare da babba mai lura. Unguwa na iya ware fili ɗaya mai fitila, iyaye su riƙa karɓa-karɓa wajen zama da yara bayan isha'i.

Yaron da ya sayar da zakaransa a kasuwar Shuwarin ya sayi takalmin makaranta da kuɗinsa zai koma aji a Satumba da labarin da zai ba abokansa, da kuma lissafin da bai manta ba.