Kasuwar Kurmi: tarihinta da alaƙarta da kasuwannin mako na ƙasar Kano

Kasuwar Kurmi ita ce kasuwa mafi daɗewa a cikin ganuwar birnin Kano. Tana gefen rafin Jakara, a tsakiyar tsofaffin unguwannin birni. An kafa ta a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499.

Asalinta

Kurmi ta bunƙasa ne da fataucin hamada. Ayarin raƙuma kan sauke gishirin Bilma da hajar Arewacin Afirka, su ɗauki turkuɗi da jemammiyar fata. Ta kudu maso yamma kuma fatake kan zo da goron Gwanja. Da wuri ake ciniki a da, kuma har bayi an sayar a kasuwar kafin zuwan Turawa a 1903. Sunayen unguwanni irin su Dandalin Turawa, inda Larabawa suka zauna, da Zangon Barebari da Tudun Nufawa, shaida ne na baƙin da ciniki ya zaunar.

Matafiyi Hugh Clapperton ya ga kasuwar a 1824, ya kuma rubuta cewa kullum tana cike daga fitowar rana har faɗuwarta, har da ranar Juma'a. Heinrich Barth ya biyo baya a 1851.

Tsarin ciniki

Kowace haja da layinta, kowace sana'a da shugabanta, Sarkin Kasuwa kuma yana bisa kowa wajen raba gardama. Baƙon ɗan kasuwa kan sauka a gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a ciniki. Dillali kuwa la'ada yake ci. Jarin wannan tsari shi ne amana, domin sau da yawa da baki ake ƙulla bashi.

Kasuwannin mako

Kurmi kullum take ci, amma ƙauye ne ke ciyar da ita. A ƙasar Kano kowace babbar kasuwar karkara da ranarta: Wudil Juma'a, Dambatta Lahadi, Larabar Abasawa kuwa sunanta ya faɗi ranarta. Rarraba ranakun kan ba ɗan kasuwa damar zagaya su cikin mako guda, ya tara hatsi da dabbobi da kayan saƙa ya kawo birni. Ga manomi, ranar kasuwa ranar biyan bashi ce da sada zumunci da jin labari. Shi ya sa Bahaushe ke cewa kasuwa a kai miki dole.

Halin da take ciki

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta juya akalar ciniki daga hamada zuwa bakin teku. Daga baya manyan harkoki suka koma wajen ganuwa: atamfa a Kantin Kwari, hatsi a Dawanau, kayan miya a 'Yankaba. Abin da ya rage wa Kurmi shi ne kayan gargajiya: sirdi da linzami, aikin dukanci, ƙwarya, turare, magunguna da littattafan addini.

Ƙuncin lunguna da dattin magudanar Jakara suna damun 'yan kasuwar, baƙi 'yan yawon buɗe ido kuma sun ragu tun bayan hare-haren Janairun 2012. Idan masu sana'ar hannu suka rasa masaya, 'ya'yansu ba za su gaje su ba, kuma Kurmi ce babbar mahadarsu da mai saye.