Bindigar Toka: Gadon Maharba da Ke Neman Ɓacewa

Da yawa daga cikinmu mun tashi mun tarar da doguwar bindiga rataye a ɗakin kakanni, amma ƙalilan ne suka san asalinta.

Ita bindigar toka ta bakin teku ta shigo. Turawa na kiranta da sunan mutanen Denmak, waɗanda suka yi cinikinta a Ankara ta ƙasar Gana, ko da yake akasarinta a Birmingham ta Ingila aka ƙera. Fatake suka hauro da ita ta Nupe har ƙasar Zazzau, wadda Jama'a ke ƙarƙashinta a wancan lokaci.

Ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a tura tsumma, a sa ƙarafa, a daddanna da sanda. Ta farko ƙanƙara gare ta kamar ƙyastu: in an ja kunama sai dutse ya bugi ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushi. In damina ta jiƙa shi kuwa, to sai dai maharbi ya ruga! A 1807 wani limamin kirista ɗan Sikotlan, Forsyth, ya fito da maganin da ke kamawa da bugu kawai, daga nan aka samu 'yar hular tagulla. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa baƙar fata bindigar zamani, ta bar mai ƙanƙara, shi ya sa ta daɗe a hannunmu.

Bayan jirgin ƙasa ya haɗu a Kafanchan a 1927, ƙarfe ya wadata. Maƙeranmu suka riƙa yin ta da bututu, kan ashana ya maye gurbin hula. Da ita aka kori birai da gyado daga gona, da ita ake buga wa sarki ranar hawan sallah. Maƙwabtanmu ma maharba ne, kowa ya ga bikin Afan na Kagoro ya shaida.

Sai dai tun rikicin 1987 da na Zangon Kataf a 1992, abin farauta ya zama abin zargi. Dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon wajabta lasisi ko ga ta toka. Don haka wanda ya gaji irinta ya je wurin 'yan sanda ya yi mata takarda, ya nisanta ta daga yara, ya rubuta sunan maƙerinta da na mai ita. Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.