Hanin Su da Fashin Ruwa a Ƙasar Kabi

Mu mutanen Gehuru da sauran garuruwan ƙasar Jega, inda Gulbin Zamfara ya ratsa, mun tashi mun iske ba a faɗa wa kowane tafki da su sai sarkin ruwa ya buɗe shi. Wannan doka tsohuwa ce a duk ƙasar Kabi, amma ba inda ta yi ƙarfi kamar gulbin Matan Fada na Argungu.

Kabawa na da bukukuwa huɗu tun kafin Jihadi: gyaran ruwa, fashin ruwa, gyaran gari da shan kabewa. Fashin ruwa shi ne buɗe ruwa ga masunta bayan an daɗe da rufe shi. A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa babban su don girmamawa, bayan tsawon gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Daga nan ne su ya zama gasa. Abin da baƙi ba su cika lura da shi ba shi ne, gasar sa'a ɗaya ce, tsaron ruwan kuwa na shekara ne. Wurin da ake gasar a rufe yake, ba mai jefa taru ko ƙugiya. Ranar gasa ma homa da gora kaɗai aka yarda da su. Dalili a fili yake: giwan ruwa ba ta kai kilo saba'in sai ta shekara da yawa ba a taɓa ta ba.

Sai dai ruwan ya fita daga hannun sarkin ruwa shi kaɗai. Tun da aka datse gulbin Sakkwato a Bakolori a 1978, aka kuma datse Rima a Goronyo, ambaliyar da kan cika fadamun da kifi ke hayayyafa ta ragu. A 2006 an hana su ɗin saboda ƙarancin ruwa. Bayan bikin 2009 ba a sake yi ba sai 2020, ko da yake a tsakani UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016.

Inda nake ganin an yi sakaci shi ne lissafi. Sikelin ranar gasa babban kifi kawai yake aunawa: kilo 75 a 2005, kilo 78 a 2020. Kifi ɗaya ba ya gaya maka yawan 'yan'uwansa. Ko shi ma ana iya yaudara da shi, don a 2008 an gano mataccen kifi aka shigo da shi daga wani ruwa, aka ƙwace kyautar.

A tafkin Kainji, wanda ya taso har Yawuri bayan kammala madatsar a 1968, an bi wata hanya. Wani shiri na Nijeriya da Jamus da aka soma a 1993 ya riƙa ƙidayar jirage da taruna kowace shekara, ana auna kamun masunta a bakin gaɓa, har aka kai ga hana tarun dala mai kwashe 'ya'yan kifi. Irin wannan littafin lissafi ya kamata sarakunan ruwan Argungu da na Jega su samu, a riƙa rubuta nau'in kowane kifi da nauyinsa ranar fashin ruwa.