Daga Masauki Zuwa Haya: Tarihin Zaman Baƙo a Ƙauyukan Arewacin Kano

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Dambatta ko ta Bichi da damina ya san yadda ƙasar nan ta cika. Daga Ungogo har Minjibir da Dawakin Tofa, gona na jingine da gona, ba saura, ba daji. To, a wuri irin wannan, mutumin da ba shi da gādo, ina zai kwana, ina zai yi noma, kuma wa zai tsare masa haƙƙinsa?

A zamanin da, baƙon da ya zo da niyyar zama yakan kai gaisuwa wurin dagaci ko mai unguwa, a yanka masa fili ya kafa gida. Fatake da 'yan ci-rani kuwa sukan sauka a zauren mai masaukinsu, kuma karɓar kuɗin kwana daga baƙo abin kunya ne. Game da gona, akwai aro, akwai jingina. Mai aro yakan kai wa mai gona dami ɗaya ko biyu bayan girbi don godiya. Jingina kuwa, watau mai gona ya karɓi kuɗi, gonar ta zauna hannun mai kuɗin har ran da aka biya shi.

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1910 suka kafa dokar da ta sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin ikon Gwamna. A zamanin Sarki Abbas aka shiga awon gonaki da taki don yanka haraji. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Daga nan gona ta soma zama kuɗi, mutane kuma suna ta ƙaruwa, rabon gādo yana ta tsinka gandaye. Sannu a hankali aron zumunci ya riƙa komawa haya, kuɗi hannu, damina ɗaya.

Hayar ɗaki kuwa ta ƙara ƙarfi daga 1976, shekarar da aka fara ilmin firamare kyauta, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi. Aka turo malaman makaranta da na asibiti da na gona garuruwan da ba su da kowa. Irin wannan baƙo ba na kwana uku ba ne, kuma yana da albashi, saboda haka sai aka yanka wa ɗaki kuɗi. Bayan kuɗin, sau da yawa yaɓe da gyaran indararo kafin damina duk a wuyan ɗan haya suke faɗawa.

Abin lura shi ne, dokar ƙasa ta 1962, da ta 1978 wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa, duk sun fi kula da tsakanin hukuma da mai riƙe da fili. Ba su yanka kuɗin haya ba, ba su faɗi wa'adin tashi ba. Madogarar ɗan haya ita ce fiƙihun Malikiyya, inda babin ijara ya ce sai an san wa'adi, an san lada, kuma ba mai warware ƙulli shi kaɗai kafin wa'adin ya cika. Amma fa alƙali shaidu yake nema, cinikin ƙauye kuwa galibi da baki ake yinsa. Sai ka ga mutum ya kwashe rani yana kai taki gonar haya a bayan jaki, ƙasa ta yi kyau, baɗi mai gona ya ce ɗansa zai noma. Gaskiyar Bahaushe, kayan aro ba ya rufe katara.

Mutunci ne ya riƙe baƙo a da, sa'ad da fili ke da yawa. Yanzu da ƙasa ta yi wuya, mutunci na bukatar mataimaki. Mu ɗalibai, in mun je hutu gida, mu taimaki danginmu su rubuta wa'adi da lada, da boko ko da ajami, gaban mai unguwa da shaidu biyu. Allah ya sa mu dace, amin.