Kiɗan ƙarfe: daga Birmingham zuwa fadarmu ta Maraɗi

Ƴan uwa ɗalibai, gardama ce ta haifi wanga rubutu. Wata Asabar muna fada, shayi na kan wuta, sai taubashina da ya zo daga Jiratawa ya zaro salula ya ce mu saurara. Abin da ya fito kamar an tada injin niƙa goma lokaci guda, ga wani yana ta ƙwala murya sama. Ɗaya daga cikinmu ya miƙe ya ce wannan kiɗan shaiɗanu ne, in ba a kashe ba shi ya tahi. Anka kashe. Amma ni abin ya tsaya mini a rai, don cikin hayaniyar na ji tsari: ganga ta canza taki sau uku, kuma ba wanda ya ɓata cikin makaɗan. Na ce ya tura mini, na shiga bin asalinsa.

Turawa na kiransa metal, wato ƙarfe, kuma a garin ƙarfe anka haife shi. Birmingham ta Ingila gari ne na masana'antu. Can wani yaro, Tony Iommi, yana da shekara 17, injin yankan ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu. Bai bar jita ba. Ya yi wa yatsun hula da roba, daga baya ya sassauta tsirkiyoyin don su rage masa zafi, sai amon ya yi ƙasa ya yi nauyi. Ƙungiyarsu Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a Fabrairun 1970. Ku duba fa, nakasar yatsu biyu ce ta ba kiɗan nan muryarsa.

Daga nan reshe ya yi yawa, amma biyu ne sunka dame mu. Na farko fawa metal, ba fawar mahauta ba, kalmarsu ce ta ƙarfi. Ƙungiyar Helloween ta Hambug a Jamus ce ta kafa masa turaku da faifai biyu masu suna Keeper of the Seven Keys, 1987 da 1988. Sauri gare shi, mai ganga na taka manyan ganguna biyu da ƙafa biyu, murya can sama, waƙoƙin kuwa sarakuna, yaƙi, jarumta. Na biyu furog metal, na masu son wuya. Waƙa ta yi minti goma, taki ya tashi daga huɗu ya koma bakwai ya dawo. Queensrÿche sun yi Operation: Mindcrime a 1988, faifai guda mai labari guda tun daga farko har ƙarshe. Dream Theater, da ɗaliban makarantar kiɗa ta Berklee sunka kafa a 1985, sun yi suna da Images and Words a 1992.

Wadda taubashina ya sa mana ta Symphony X ce, ƴan Amurka da sunka fara a 1994, suna cikin waɗanda sunka ɗaura wa reshen biyu aure. Suna da waƙa, The Odyssey ta 2002, mai minti 24. Ni dai har yau ban taɓa kai ƙarshenta ba tare da wani ya kira ni ba.

To ina ruwanmu? Nan ne na sha mamaki. A Birazil, Angra sun zuba gangunan ƙasarsu cikin faifan Holy Land a 1996. A Tunisiya wasu samari sun fara da kwaikwayon waƙoƙin Symphony X, daga baya sunka sa wa kansu suna Myrath, wato gado da Larabci, sunka shigar da karin Larabawa da ƙaramar gangarsu ta darbuka, kamar yadda za ku ji a Tales of the Sands na 2011. Duk inda kiɗan ya sauka, sai ya tarar da gangar masu gida, kuma sai an zauna an shirya.

A Nijar, wanda ya fi kusa da wannan wuta shi ne Mdou Moctar, Buzu daga yankin Azawak. Jitarsa ta farko da kansa ya ƙera ta, da katako da wayar birkin keke, don gidansu ba su yarda da kiɗa ba. Bahago ne, kamar Iommi. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ba a kanti ya bazu ba, daga salula zuwa salula ya bi Sahara, yadda taubashina ya tura mini tawa. Ya zuwa Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, jitar ta zama aradu, kuma kukan da take yi na Afirka ne da abin da Faransa ta yi mana. Ba metal ba ne tsantsa, kada wani ya kama ni da wannan, amma masu son ƙarfe a Turai da Amurka sun karɓe shi hannu biyu. Sai Tal National ta Yamai, wadda alƙali Almeida ke jagoranta. Ku saurari Kaani na 2013 ku ƙirga sau nawa kalangu da jita ke sauya taki. In ba furog ba ne wannan, to ƙaninsa ne.

Mu nan Maraɗi lamarin ya fi wuya, kuma tarihi ya san dalili. Garin kasuwa ne da malamai, maroƙi na da wurinsa amma ba kowa ke ba shi ɗiya ba. A Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, an ƙona mashaya da wasu wurare a garin nan. Yaron da ya rataya jitar kuran a unguwarmu ya san da mahaifinsa zai fara karawa kafin kowa. Abokina da ya miƙe daga fada ba wawa ba ne, akwai ƙungiyoyin metal da sunka mai da saɓo ado, ni ma ba na sauraronsu. Inda munka saba shi ne da ya haɗa duka ya yi musu kuɗin goro.

Don ni nauyin amo ban fara jin sa a salula ba. Tibiri na fara ji, ina yaro a kan wuyan kawuna ranar hawan Sallah. Garin nan Gobirawa sunka kafa shi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya faɗi, Mayaƙi ya tattara sauran jama'a. Mutanen da sunka rasa birni sunka riƙe tambari. In anka buga shi, a ƙirji kake ji kafin kunne, kakaki ya tsaga sama, maroƙi ya bi sunayen sarakuna ɗaya bayan ɗaya da murya kamar za ta tsage. Ganga mai nauyi, murya sama, zancen sarauta da yaƙi: abin da ƴan Hambug sunka nema da kuran, kakanninmu sun yi shi da fata da tagulla. Abin da ke ba ni tsoro kawai, yawancin masu bugun da na gani furfura gare su.

Sallar bana ni da taubashina munka hau kabu-kabu zuwa Tibiri, munka ɗauki tambarin a salula, wajen minti shida. Da dare na sa wa abokin nan namu a fada. Ya saurara har ƙarshe, ya ce wannan ai namu ne. Na ce to bari in sa maka Myrath ka ji gangarsu. Ya ce in bari sai an sauke shayi na biyu.