Ƙidayar Itatuwa a Ƙasar Mai

Lauyoyin zamanin nan, waɗanda suka buɗe ido suka tarar mutanen Bodo sun karɓi diyyar fam miliyan 55 a Landan a shekarar 2015, suna zaton a can ne da'awar ɓarnar man fetur ta soma, alhali kuwa tun kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin Umudje a 1975 ake wannan ɗawainiya, babu hoton tauraron ɗan'adam, sai daftari da kwalekwale.

Wanda ya koya mini sana'ar, wani dattijo ne mai kimanta dukiya a Fatakwal, bai yarda a rubuta takardar ƙara ba sai an shiga fadama an ƙidaya abin da mai ya kashe ɗaya bayan ɗaya: kwakwar manja, tukurwa, kududdufin kifi, har komar da ta jiƙe da ɗanyen mai, kuma kowane mai itace sai ya dafa itacensa maƙwabta suna shaida, domin lauyan kamfanin mai ba ya rasa wanda zai kawo ya rantse gonar tasa ce. Jadawalin kamfanoni yakan yi wa itace kuɗi sau ɗaya, kamar icen girki, shi kuwa dattijon sai ya lissafa shekarun da itacen zai yi yana 'ya'ya, ya kafa hujjarsa a kan haka. A shari'ar Farah kuwa, rijiyar mai ta Bomu ta fashe a 1970, amma sai 1995 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da diyyar sama da naira miliyan 4, bayan darajar naira ta zube.

Musibar ta zo ne a 2001, da hukuncin shari'ar Isaiah ya ce kotunan jiha ba su da hurumi, sai Babbar Kotun Tarayya; ƙararrakin da aka yi shekaru ana yi suka rushe, shaidu da yawa kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Yau takardar binciken haɗin gwiwa ce ke raba gardama, kuma da zarar an rubuta a cikinta cewa ɓarayi ne suka huda bututun mai, kamfani ya fake da Dokar Bututun Mai ta 1956, ba wanda zai sake tambayar yawan kwakwar da ta mutu.